Gudun Wasan Kangwa

Karo na tara ke nan motar Kangwa ta faɗa rami a allon kwamfuta. Ya yi jifa da abin dannawa.

"Musonda, tsarin wasan na Amurka ka sa mini! Ya fi namu gudu. Mayar da shi irin na talabijin ɗinmu na Kitwe, wanda muka taso da shi."

Musonda ya duba, ashe tun farko tsohon wasan tseren a kan na gida yake. Ya kalli hannun yayansa, wanda bai daina rawa ba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Tausayi ya kama shi, a ɓoye ya rage gudun wasan zuwa rabi.

"Na gyara, Yaya."

Kangwa ya zo na ɗaya. Ya yi dariyar da rabon a ji ta wata bakwai ke nan.

Washegari Musonda ya kawo magani, ya tarar ba kowa a gadon.

"Ina Yaya?"

"Ya ce jiya ya gwada hannunsa, ya warke sarai," in ji matar Kangwa cikin murna. "Ya ɗauki makullin bas ɗin da yake tuƙawa kafin ciwon. Tun ɗazu ya cika fasinja, ya kama hanyar Ndola."