Fallen da Ya Yi Sallama

Tun da aka fara zubo alminiyam mai riƙe murya, doka ɗaya ce a maƙera: a gasa falle har ya yi laushi, amma kada a tanka masa.

Da hantsi Talle maƙeri ya shafa wa wani falle sabulu ya sa a wuta, yana jiran sabulun ya yi baƙi, alamar ya gasu.

"Salamu alaikum," in ji fallen, da muryar marigayiya yayarsa.

Wa ke ƙin amsa sallama? Kafin ya tuna doka, ya amsa.

Matarsa Asabe ta shigo da fura. "Sannu da aiki, Maigida."

Talle ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Daga cikin wutar muryarsa ta ce, "Yauwa, Asabe. Ajiye nan."