Abin da Ma'aunin Ruwa Ke Ƙirgawa

Tun safe ake tafka ruwa, tudun da ke saman gonakin kofinmu har ya fara zubo laka.

"Tsufa ne ya sa miki tsoro, Malama," in ji shugaban ƙauye. "Sai ma'aunin ruwa ya nuna ɗari za mu kwashe mutane. Yanzu arba'in ne. Na'ura ba ta ƙarya."

Shekara talatin ina koyar da ɗalibai aikin 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke cikin irin wannan ma'auni. Ko ta ƙirga abin da ya taɓa ta daga waje, ko bugun agogon cikinta, gwargwadon yadda aka saita ta.

Na kife tukunya a bakin ma'aunin, muka tsaya muna kallo. Ko ɗigo bai shiga ba, amma can sai ya nuna arba'in da ɗaya.

Na ce wa shugaban ƙauye, "Compadre, aminina, buga ƙararrawar coci a kwashe mutane. Lokaci yake ƙirga mana, ba ruwa ba."