Shafin da Mas Wibi Ya Ɓoye

Panji ya hura bakin kaset ɗin sau biyu, kamar yadda yayansa marigayi Mas Wibi ya saba yi, ya cusa shi cikin tsohuwar na'urar wasan. Wata uku yana jiran wannan rana.

Zauren ya cika da 'yan ƙungiyar garin Malang, mutanen da ke ɗaukar wasan waya na zamani, su matse shi, su kankare shi, har ya shiga kaset ɗin na'urar da ta girme su. A kujerar gaba Panji ya zaunar da mahaifiyarsu, Ibu, da kallabinta na zuwa biki. Can jikin bango Darto ne a tsaye, abokin marigayin, ba kowa kusa da shi.

Shekara biyu Mas Wibi ya ba wannan wasa: ɗan babur mai kai abinci gida-gida cikin ruwan sama. A waya launinsa ba ya ƙirguwa. A kaset kuwa, wurin bai kai na hoto guda ba, sai ka yi faɗa a kan kowane ɗigo. A takarda mai gida-gida yake zana babur ɗin, ya goge, ya sake, yana cewa ruwan sama ma sai an koya masa tsayuwa a layi.

Sai ciwon jijiya ya kwantar da shi. Wata takwas na ƙarshe bai fito daga ɗaki ba. Kullum yana lulluɓe da zane har wuya, wai sanyi. Ba ya cin abinci a gaban mutane, wai kunya. Aiki kuma sai zafin rana ya sauka. Bayan la'asar Darto zai shigo da miyar soto a leda, ya gaida Ibu, ya tura ƙofa.

Daga nan madannan kwamfuta su fara, tak-tak-tak, kamar yayyafin farko a kan kwano. Ibu tana suyar tempe, wainar waken soya, a madafa, sai ta rage wuta don ta ji sosai.

"Muddin ina jin ƙarar nan," in ji ta, "ɗana yana nan da ƙarfinsa."

Har bayan an binne shi da wannan take rarrashin kanta: bai wulaƙanta ba, da aikinsa a hannu ya tafi.

Ranar addu'ar arba'in Darto ya zauna a sahun baya, ya karɓi kwalin abincinsa da ɗan littafin Yasin mai hoton marigayi, ya fita. Mako uku bayan haka wasan ya fito. A shafin farko, inda Panji ya taɓa ganin sunan yayansa da idonsa, sunan Darto ne. Wibi an tura shi ƙasa da ƙananan haruffa, wai don tunawa.

Panji bai yi kuka ba. Ya ɗauki hoton zanen yayansa ɗaya bayan ɗaya ya watsa a waya. Ƙungiya ta ƙwace teburin Darto. Shagunan kaset suka mayar masa da kayansa. Aka raɗa masa suna mai satar mamaci. Darto bai kare kansa ko sau ɗaya ba, wannan shirun ne ma ya fi ƙona Panji. Yana so ya ga mutumin ya durƙusa, a gaban jama'a, a gaban Ibu.

Yana kuma da makami. Kowane kaset Mas Wibi ya yi, yakan ɓoye shafi guda a can ƙarshen wurin da ya rage, ya sa hannu a ciki. Ka riƙe maɓalli biyu a abin dannawa na biyu na na'urar, ka danna maɓallin sama sau bakwai, lambar gidansu. Tun suna yara ya koya wa Panji.

Yanzu a zauren, da Darto ya ga Panji ya ɗauki abin dannawa na biyu, sai ya baro bango.

"Dik Panji," ya ce a hankali, yadda yake kiransa ƙane tun da can, "ka ce ni ɓarawo ne, na karɓa. Buɗe abin da za ka buɗe. Amma ka kai Ibu waje ta sha shayi tukuna."

"Kar ka ƙara ce mini Dik. Ashe ka san da shafin? Gogewa ce ta gagare ka, babban gwani?"

"Rantsuwa Wibi ya sa na yi."

"Ɓarawo da rantsuwa!" wani ya ce daga baya, aka kwashe da dariya. "Danna mana mu ga mai wasa!"

Panji ya danna. Ɗaya, biyu, har bakwai. Ɗan babur ya tsaya cak, ruwan sama ya daskare a iska, fuskar talabijin ta yi baƙi. Fararen haruffa suka fara fitowa layi-layi.

Panji bai kalla ba. Fuskar Darto yake kallo, yana jiran ta faɗi. Ibu ce ta gyara tabarau, ta matso, ta fara karantawa da ƙarfi, harafi-harafi, cikin alfahari.

"Panji mai taurin kai, na san kai za ka buɗe. Kar ka gaya wa Ibu. Tun watan farko hannuwana suka mutu, ko cokali ba na iya ɗauka. Wasan na Darto ne, ni na ce ya sa sunansa. Ƙarar da take ji ta bayan ƙofa yatsunsa ne, har wannan da kake karantawa."