Hannun da Aka Fara Miƙawa

Likita ya zagaye wata lamba da jan biro, ya turo mata takardar.

"Hajiya, idan zuciya ta gaji, akwai sinadarin da take saki cikin jini. Ga mai ciwon suga, hawansa haka ba ƙaramin haɗari ba ne."

Shekara tara tana tuƙa wa maigidanta tuwon alkama, tana ɓoye masa suga, ita kuma tana shanye furar da aka hana shi don kada ta yi tsami a banza. Mutumin da ke kayar da bijimi a kasuwar Daura, amma allura ta gagare shi. Makon jiya sai da ta fara miƙa nata hannun aka ɗebi jini, sannan ya yarda.

"Saura nawa gare shi?"

"Rai na Allah ne. Jini haɗari yake nunawa, ba rana ba."

"Don girman Allah kada ka faɗa wa Malam. Ba zai iya ɗauka ba."

Likita ya cire tabarau.

"Hajiya, sakamakon Malam da sauƙi. Dubi sunan da ke sama. Wannan naki ne, ke ma suga ya kama ki."

Ta taga ta hango Malam a gindin bishiyar bedi, ya ɓare lemo ya raba biyu, yana jiranta.

Ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin mayafi.

"To, likita, roƙona yana nan. Kada ka faɗa masa."