Hannun Marigayi Jatau

Tun da aka kafa doka cewa duk mai sake saƙa tsofaffin ƙyallayen tarihi sai ya sa safar hannun hukuma, Malam Barau bai ga aibunta ba. Safar tana ɗauke da motsin yatsun Jatau, bahagon masaƙin da ya rasu shekaru ɗari baya, ita ke jan hannunsa yana saƙa labulen alharini na tsohon gidan tarihi.

Ranar Talata yana karyawa, matarsa Lantana ta ja da baya.

"Malam, yaushe ka fara ci da hagu?"

Ko hula bai sa ba ya nufi ofishin hukumar, ya ce a karɓi safarsu.

"Saura kamu nawa, Baba?" in ji ma'aikaciyar da ya tarar.

"Shida."

"Gara ka ƙarasa. Wanda ya tsaya a tsakiya, marigayin ba ya sakinsa."

"In na ƙarasa fa?"

Sai ta turo masa takarda ya sa hannu. Yana kallo yatsunsa suka rubuta *Jatau* da ajami mai kyau. Ta duba, ta buga hatimi, ta ce, "Na gaba."