Hoton da Auta Ta Turo

Hoto ya shigo wayar Mama, da saƙon Auta a ƙasansa: "Alhamdulillahi, abin da muka daɗe muna jira ya samu."

Ta gyara tabarau. Baƙi da fari ne, layuka sun nannaɗe, ga wani dunƙule a tsakiya. Irinsa take gani a hannun masu awon ciki. Auta kuwa ta jima da aure, shiru. Mama ta kira ƙannenta kaf, ta leƙa ta katanga ta fesa wa maƙwabciya, sannan ta kira Auta.

"'Yar nan, wata nawa? Kansa irin na babanki sak!"

"Mama, Jufita ce fa, ƙatuwar duniyar nan mai iska zalla! Kumbon binciken sararin samaniya da muke aiki da shi ne ya ɗauko ta kusa-kusa. Dunƙulen nan guguwa ce."

Mama ta dafe kai. "Na shiga uku. Dangi duk sun ji."

Auta ta yi dariya har da tari. "To, kar ki ƙaryata kanki. Nawa hoton yana cikin jaka, so na yi sai na zo in nuna miki. Kuma kawuna biyu ne a ciki, tagwaye."