Launi Na Biyar

"Wannan ma ya yi duhu," in ji tsohuwar, tana nuna bangon da sandarta.

Mai fenti ya ajiye buroshi. Kwana uku ke nan yana shafa mata launuka gefe da gefe a ɗakin da za ta koma: ruwan madara, ruwan ƙwai, ruwan hoda, shuɗi mai haske. Da zarar ya bushe sai ta zagaya ɗakin, ta matso, ta ja da baya, ta yi tsaki. Ita da ta shekara arba'in a kan keken ɗinki, zare biyu masu kama ba su taɓa ruɗa ta ba, yau za a nuna mata toka a ce fari ne?

"Mama, wallahi fari ne fat," ya ce. "Babu wanda ya fi shi haske."

"To ɗakin ne. Ke, ɗage labulen nan in gani!"

'Yarta tana tsaye a bakin taga, rana na dukan fuskarta. Ta ce, "Mama, ai tun shekaranjiya muka cire labulen."

Tsohuwar ta juyo ta ƙura mata ido. Fuskar 'yar ma ta yi mata duhu.